Awa Ɗaya, Shekara Bakwai: Fashin Baƙi Kan Labari Da Siddabarun Fim Ɗin Interstellar

Duk wanda ya taɓa cin hunturu a Gombe ya san al'adar kife kwano. Ka wanke shi da safe ka bar shi a buɗe, kafin azahar za ka iya rubuta sunanka da yatsa a cikinsa. Shi ya sa iyayenmu mata ba sa barin kwano ko kofi yana kallon sama daga Disamba har Fabrairu. Yawancin ƙurar nan ma ba ta garinmu ba ce, iska ce ke kwaso ta tun daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, ta ratso ta sauke mana a tsakar gida. To ran da na fara kallon Interstellar, ban yi nisa ba sai ga tsofaffin Turawa suna ba da labarin yadda suke kife faranti da kofuna a kan teburin cin abinci saboda ƙura. Na gyara zama. Na zaci labarin taurari zan kalla, ashe daga abin da na sani za a fara.

Waɗannan tsofaffi, in ka cire mace ɗaya da take 'yar wasa ce, ba wasan kwaikwayo suke yi ba. Mutane ne da suka rayu cikin bala'in ƙurar da ya afka wa tsakiyar Amurka a shekarun 1930, lokacin da fari ya haɗu da noman da ya tumɓuke ciyawar daji, ƙasar noma ta tashi sama a jihohi irin su Oklahoma da Kansas da Texas. Daga wani shirin tarihi na 2012 aka ɗauko hirarsu, aka mayar da ita kamar mutanen gobe ne ke tuna baya. Haka fim ɗin yake tun daga farko har kusa da ƙarshe: duk inda aka sami abu na gaske, shi ake ɗauka, sai in ya gagara a koma ga kwamfuta, ita ma kwamfutar a ɗaure ta da doka.

Ina koyar da fiziks a wata makarantar sakandare a nan cikin gari, kuma kusan kowace shekara sai an sami yaron da ya je wajen masu tura fina-finai a waya ya karɓo wannan fim, washegari ya tare ni a bakin aji: "Malam, wai da gaske ne awa ɗaya tana iya zama shekara bakwai?" Amsar tana da tsawo, shi ya sa na zauna na rubuta ta. Wanda bai kalla ba ya sani zan fasa ƙwai, domin ba a iya bayanin siddabarun ba tare da labarin ba.

Fim ɗin ya fito a Nuwamba 2014. Christopher Nolan ne darakta, shi da ƙaninsa Jonathan suka rubuta, tsawonsa minti 169, kuma an kashe masa dala miliyan 165. Amma asalin tunanin ya fito ne daga furodusa Lynda Obst da wani masanin fiziks na jami'ar Caltech a Kalifoniya, Kip Thorne, wanda daga baya, a 2017, ya sami kyautar Nobel tare da abokan aikinsa biyu. Thorne ya gindaya sharuɗɗa biyu: kada a saka abin da ya saɓa wa dokar kimiyya da aka riga aka tabbatar, kuma duk hasashen da za a yi ya zamana daga kimiyya ya tsiro, ba daga kan marubuci kawai ba. Sai da ya shafe kusan mako biyu yana lallashin Nolan ya janye ra'ayin sa wani ya yi gudun da ya fi na haske, har ya yarda.

Labarin ya buɗe da duniya tana mutuwa a hankali. Wata cutar shuka ta cinye alkama, ta zo ta kama kuɓewa, saura masara, ita ma kwananta ya kusa ƙarewa. Wannan sashe bai yi mini kama da tatsuniya ba ko kaɗan. Dattawanmu suna tuna 1975, shekarar da cuta ta kwantar da gyaɗa a faɗin Arewa, kuma duk mai noman masara ya san tsutsar da ta shigo ƙasar nan a 2016 tana cin zuciyar shuka. Abin da fim ɗin ya yi shi ne ya tambaya: in irin wannan ta bi amfanin gona ɗaya bayan ɗaya ba magani fa? Cooper, wanda Matthew McConaughey ya fito a matsayinsa, tsohon matuƙin jirgi ne da ya koma noma dole. Matarsa ta rasu, yana zaune da surukinsa da 'ya'yansa biyu, Tom da Murph mai shekara goma. Gonar masarar da ke kewaye da gidansu gona ce ta gaske: eka 500 aka shuka a lardin Alberta na Kanada saboda fim ɗin, aka tuƙa mota a ciki, aka ƙona wani yanki, sauran aka girbe aka sayar har da riba. Guguwar ƙurar da ke rufe gari kuwa manyan fankoki ne suka riƙa hura wani gari da aka haɗa musamman a fuskar 'yan wasa. Idon da ka ga suna runtsewa, ƙura ce ta shige shi.

Murph ta dage cewa akwai fatalwa a ɗakinta mai ture littattafai daga kanta. Wata rana ƙura ta shigo ta taga ta kwanta a ƙasa layi-layi, Cooper ya karanta layukan ya gane lambobin wani wuri ne, suka bi suka iske NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, tana aiki a ɓoye. A can Farfesa Brand ya shaida masa cewa shekara 48 da suka wuce wata ƙofa ta bayyana kusa da duniyar Zuhalu, mai kaiwa ga wani gungun taurari na daban. An riga an tura 'yan sama jannati goma sha biyu su duba duniyoyin da ke can, uku daga cikinsu, Miller da Mann da Edmunds, sun aiko da alamar fata. Shiri biyu ne a ƙasa. Na farko, Farfesa ya warware wani lissafi da zai ba da damar ɗaga mutanen duniya gaba ɗaya zuwa sama. Na biyu, in hakan ya faskara, a tafi da ƙwayayen haihuwa 5,000 da aka daskarar a kafa sabon iri a can, a bar na nan su mutu. Cooper ya yarda zai tuƙa kumbon, ya bar wa Murph agogon hannu, ta juya masa baya ko sallama ba su yi ba.

Ita wannan ƙofa masana suna kiranta ramin tsutsa. Ka ɗauki takarda ka ɗiga alama a sama da ƙasa, ka naɗe ta har alamun biyu su haɗu, ka huda da biro: ga yanke, ba sai ka bi tsawon takardar ba. Har yau ba wanda ya taɓa ganin irinsa, lissafin Einstein ne kawai bai hana shi ba. Abin da ya burge ni shi ne siffar da aka ba shi. Fina-finan baya suna nuna shi kamar bakin rijiya ko mazurari. Amma in huda a kan takarda da'ira ce, to huda a cikin sarari mai tsawo da faɗi da tudu dole ta zama dunƙule kamar ƙwallo. Haka aka nuna shi, ƙwallon gilashi yana rataye kusa da Zuhalu, taurarin wancan gefe suna yawo a jikinsa.

Yanzu ga tambayar yaran. Idan zan amsa ta a aji, nakan sa ɗalibai huɗu su riƙe kusurwoyin zanin gado su ja shi ya miƙe, in ɗora kankana a tsakiya. Zanin ya lotsa. Sai in gangara lemon tsami daga gefe, maimakon ya tafi kai tsaye sai ya karkata ya zagaya kankanar. Abin da Einstein ya zo da shi a 1915 ke nan: abu mai nauyi yana lotsa sararin da ke kewaye da shi, kuma wannan lotsawar ita ce jan da ke sa mangwaro ya faɗo ƙasa, wata ya riƙa zagaya mu. Haske ma yana bin lotsawar. An gwada wannan a maƙwabtanmu: ranar 29 ga Mayu 1919, a tsibirin Principe da ke cikin tekun Gini, kudu da gaɓar Nijeriya, Arthur Eddington ya ɗauki hoton taurari lokacin husufin rana, aka ga sun ɗan gusa daga inda ya kamata su kasance, domin rana ta lanƙwasa haskensu.

Abin da zanin gado ba ya iya nunawa shi ne lokaci ma yana lotsawa. Inda jan nauyi ya fi ƙarfi, agogo ya fi tafiya a hankali, kuma ba agogon bango kaɗai ba, har bugun zuciya da fitowar furfura. Wanda ke wurin ba zai ji komai ya canza ba, sai ya dawo ya gwada da na wasu. Wayar da ke aljihunka shaida ce. Taurarin ɗan'adam masu nuna maka hanya a taswira suna can sama kimanin kilomita 20,000, agogunansu kuma suna riga na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana. Da ba a gyara wannan ɗan bambanci ba, da taswirar za ta riƙa kuskure na kusan kilomita goma a yini. Don haka ainihin maganar gaskiya ce tabbatacciya, abin da fim ya yi shi ne ya kai ta maƙura.

Duniyar da Miller ta sauka tana zagaya wani baƙin rami, wato wurin da nauyi ya taru har ko haske ba ya iya fita daga cikinsa, da suka sa wa suna Gargantua, mai nauyin rana miliyan 100. Kusancinta da shi ya sa awa ɗaya a kanta take daidai da shekara bakwai a nan. Ka auna da abin da ka sani: sakan ɗaya a can awa 17 ne a Gombe. Minti biyar ɗin da za ka yi alwala ka yi nafila, wata bakwai ne, an yi shuka an yi girbi. Wasan ƙwallo guda a gidan kallo, shekara goma da rabi. Da Nolan ya nemi wannan adadi, Thorne ya ɗauka ba zai yiwu ba, sai da ya zauna ya yi lissafi ya ga yana yiwuwa da sharaɗi ɗaya, wato ramin ya kasance yana juyawa da gudun da ya rage kashi ɗaya cikin tiriliyan 100 ya kai iyakar abin da doka ta yarda. Da wuya a sami irinsa, amma bai karya doka ba. Mu da muka tashi muna karanta Suratul Kahfi ranar Juma'a, batun mutum ya ɗauka yini ɗaya ya yi alhali ƙarnuka sun shuɗe ba baƙo ba ne a kunnenmu. Sai dai nakan ja kunnen ɗalibaina kada su cakuɗa biyun. Wancan aya ce ta Ubangiji, ba ta jiran lissafin kowa. Wannan kuwa abu ne da ake gwadawa da agogo biyu.

Suka sauka a duniyar Miller suka tarar ruwa ne iya gwiwa ko'ina, da wasu duwatsu can nesa. Duwatsun suka fara matsowa. Igiyar ruwa ce mai tsayin kusan mita 1,200, kamar benen hawa 400, wadda jan Gargantua ke tayarwa, irin yadda wata ke sa teku ya yi tumbatsa amma ninkin ba ninkin. Doyle, ɗaya daga cikin abokan tafiyar Cooper, ya halaka, injin ya sha ruwa, suka makale na sa'o'i uku da 'yan mintoci. A ƙasar Aisilan aka ɗauki wannan, cikin ruwan sanyi na gaske, aka kai kumbo mai cikakken girma aka ajiye a ciki. Igiyar kuwa aikin kwamfuta ce. Anne Hathaway, wadda ta fito a Amelia 'yar Farfesa Brand, sanyi ya kusa yi mata illa domin ruwa ya shiga rigarta.

Da suka koma babban kumbo, abokin tafiyarsu Romilly da suka bari a ciki ya tarbe su da furfura a gemu. Shekara 23 da wata huɗu da kwana takwas. Daga nan sai wurin da nake ganin shi ne ƙashin bayan fim ɗin duka, kuma babu siddabaru ko ɗaya a cikinsa. Cooper ya zauna gaban allo yana kallon saƙonnin da suka taru. Tom ya gama makaranta. Tom ya sami mata. Ga jariri an ɗago masa. A saƙo na gaba jaririn ya rasu, kakan ma an binne shi. Can Tom ya ce an ba shi shawara ya haƙura, ya kashe kyamara. Sai ga Murph, mace babba, ranar da ta kai shekarun da uban yake da su lokacin da ya tafi. Kyamara ba ta bar fuskar McConaughey ba, yana dariya yana kuka. Duk lissafin Thorne, duk kuɗin da aka zuba a igiyar ruwa, amfaninsu shi ne su sa ka yarda cewa wannan mutum ya yi asarar ƙuruciyar 'ya'yansa tsakanin azahar da la'asar.

Ban taɓa kallon wurin nan ban tuna kakana ba. Ya tafi Makka a ƙasa, ta Chadi da Sudan, ya tsaya yana aikin gonar auduga a Jazira don ya tara guzuri, bai dawo ba sai bayan shekara goma sha ɗaya. Goggona tana da shekara huɗu ya tafi. Ta sha gaya mana cewa ran da ya dawo, gari ya fita tarye, ita kuwa ta shige bayan rumbu ta ƙi fitowa, domin wannan tsoho mai farin gemu ba shi ne wanda take jira ba.

Shi kansa Gargantua, yadda aka zana shi labari ne mai zaman kansa. Baƙin rami wuri ne da nauyi ya taru har jansa ya hana komai fita, ko haske. To yaya za a nuna abin da ba ya fitar da haske? Sai ta abin da ke kewaye da shi: wani faifai na iskar gas mai zafi da ke zagaya shi yana haskakawa. Manhajojin da masu fim ke amfani da su duk an gina su kan cewa haske miƙe yake tafiya, a nan kuwa haske lanƙwasa yake yi, wani ma sai ya zagaya ramin kafin ya kuɓuta. Don haka kamfanin Double Negative na Landan, ƙarƙashin Paul Franklin, ya rubuta sabuwar manhaja daga tushe. Thorne ya riƙa aiko da shafukan lissafi, Oliver James ya mayar da su umarnin kwamfuta. Da suka bi haske zare ɗaya-ɗaya sai hoton ya riƙa kyaftawa a babban allo, sai suka koma bin sa dami-dami, ana lura da yadda kowane dami ke miƙewa ko matsewa a hanya. Hoto guda na IMAX, wato tsarin manyan allunan sinima, yana da ɗigo miliyan 23, kuma hoto 24 ake bukata a kowane sakan. Wasu hotunan sai da suka ci awa 100 kafin kwamfutoci su kammala guda ɗaya. Bayanan fim ɗin sun kai terabait 800, wato abin da zai cika waya mai gigabait 128 fiye da 6,000.

Abin da ya fito a allo shi ne baƙin dunƙule da ɗamarar wuta a tsakiya, ga wani zobe ya bi ta kansa ya kuma bi ta ƙarƙashinsa, kamar an naɗa masa rawani. Faifan shimfiɗe yake, guda ɗaya ne. Zoben da kake gani sama da ƙasa bayan faifan ne, ɓangaren da ya kamata ramin ya kare maka, amma haskensa ya lanƙwaso ta sama da ta ƙasa ya iso idonka. Kamar ka tsaya gaban mutum kana ganin fuskarsa da ƙeyarsa a lokaci guda. Ba mai zane ne ya ƙirƙiro wannan siffa ba, lissafi ne ya haife ta. Adalci ne kuma a ce ba su ne farko ba: wani masani Bafaranshe, Jean-Pierre Luminet, ya wallafa irin wannan hoto tun 1979, kwamfuta ta ba shi lambobi, shi kuma ya ɗiga tawada da hannu.

Akwai wurare biyu da suka sassauta da gangan, kuma sun faɗa da bakinsu a takardar bincike da suka wallafa a 2015. A gaskiya gefen faifan da ke tahowa wajenka zai fi haske sosai ya karkata zuwa shuɗi, gefen da ke gudu daga gare ka ya dushe ya yi ja. Nolan ya ga hakan zai rikita mai kallo, aka daidaita hasken. Haka kuma ramin da ke juyawa da gudun da labarin ke bukata zai bayyana a karkace, gefe ɗaya a shafe, sai aka rage gudun zuwa kashi 60 cikin 100 don hoton kawai. Ranar 10 ga Afrilu 2019 masana suka fitar da hoton baƙin rami na gaske na farko, wanda ke tsakiyar gungun taurarin M87, mai nauyin rana biliyan shida da rabi. Zoben wuta ne da duhu a tsakiya, gefe ɗaya ya fi haske, daidai abin da aka cire daga fim. Na nuna wa 'yan aji uku hotunan biyu a jere a wayata, wata yarinya ta ce na fim ya fi kyau, na gaske ya fi ban tsoro.

Sauran siddabarun yawancinsu aikin kafinta ne da maƙeri. Babban kumbon, Endurance, ƙaramin samfuri ne aka ƙera mai faɗin kusan mita bakwai da rabi, aka ɗauke shi da kyamara. Maimakon a rataya koren labule a tagogin kumbo a cike daga baya, sai aka haska hotunan sararin samaniya a manyan alluna a waje, don haka abin da 'yan wasa ke kallo da ido shi kake gani, haskensa kuma yana sauka a fuskokinsu. Saƙagon da ke rakiyar su Cooper, TARS, mai kama da ƙofar ƙarfe, nauyinsa ya kai kilo 90, wani ɗan wasa Bill Irwin ne ke bayansa yana tura shi yana magana, daga baya aka goge shi daga hoton. Sannan shiru. A sarari babu iskar da za ta ɗauki sauti, don haka lokacin da kumbo ya fashe ba ka jin ƙara ko kaɗan, sai tarkace na watsewa. Inda ake son girgiza ƙirji, kiɗan Hans Zimmer ne ke yi, da wani babban abin kiɗa mai bututu na cocin Temple a Landan. Aikin siddabarun nan gaba ɗaya ne ya ba su kyautar Oscar ta siddabarun hoto a Fabrairu 2015.

Nakan so masu shirya mana fina-finan aljanu da matsafa su zauna su kalli wannan ɓangare. Dala miliyan 165 ba ma da ita, amma hazon Janairu kyauta ne, duwatsun Tula suna nan, kuma kafa wa labari doka ba ya cin ko kwabo. Abin da ke kashe mana irin waɗannan fina-finai shi ne boka yana iya komai a kowane lokaci, ya ɓace, ya fito da wuta a tafin hannu, ya dawo da matacce, don haka mai kallo ba ya jin tsoron komai. A nan kuwa an gaya maka farashin kowace awa tun kafin a sauka, shi ya sa kake ƙirga mintoci tare da su.

Duniya ta biyu ta Dakta Mann ce, ƙanƙara sama da ƙasa, an ɗauke ta a kan wani tudun ƙanƙara a Aisilan. Mann ƙarya ya aiko don a zo a cece shi, ya yi yunƙurin kashe Cooper, tarkonsa ya kashe Romilly, shi ma ya halaka garin haɗa kumbo da gaggawa. A duniya kuma Farfesa Brand ya furta wa Murph a gadon mutuwa cewa shiri na farko yaudara ce, ya daɗe da sanin lissafin ba zai kammalu ba sai da bayanai daga cikin baƙin rami. Daskararrun gizagizan da kumbo ke gogawa a duniyar Mann su ne abin da Thorne kansa ya ce bai gamsu da shi ba, domin ƙanƙara ba ta da ƙarfin riƙe kanta haka. Ni ma ina da nawa ƙorafin. Masana kamar waɗannan ya kamata su gane tun a sama cewa a agogon Miller ba ta fi awa ɗaya da rabi da sauka ba, don haka saƙonta ba hujja ba ne. Kuma kumbon da sai da roka mai hawa-hawa ya bar duniyarmu, ga shi yana tashi shi kaɗai daga duniyar da janta ya fi namu da kashi 30 cikin 100.

Daga nan fim ɗin ya bar tabbas ya shiga hasashe. Man da ya rage ba zai kai su duniyar Edmunds ba sai sun yi majaujawa a gefen Gargantua, abin da ya ci musu wata shekara 51. Cooper ya saki kansa cikin ramin don kumbo ya yi sauƙi Amelia ta wuce. Maimakon ya mutu sai ya tsinci kansa a wani gini mara iyaka, ko'ina ya juya bayan kantar littattafan Murph ne, kowane lungu da lokacinsa. Mu lokaci yana tafiya da mu ne kamar kogin Gongola, gaba kawai. A can an shimfiɗa shi kamar layukan kasuwa, kana iya takawa zuwa jiya ko bara. Nan ya gane shi ne fatalwar. Shi ya ture littattafan, shi ya jera ƙurar, kuma ta hannun sakan na agogon da ya bar mata ya aika da bayanan cikin ramin da alamun Mos irin na tangarahu. Shi ma wannan wuri gina shi aka yi a ɗakin ɗaukar fim aka rataye McConaughey a ciki. Thorne, a littafin da ya rubuta kan kimiyyar fim ɗin, ya raba komai gida uku, tabbatacce da zato mai tushe da hasashe, wannan kuma a gida na uku yake. Akwai kuma ƙulli irin na kaza da ƙwai: jikokin 'yan Adam na can gaba ne suka buɗe ƙofar don kakanninsu su tsira, alhali da ba su tsira ba babu jikokin. Jawabin da Amelia ta yi cewa ƙauna wani ƙarfi ne da ke ratsa lokaci da sarari kamar jan nauyi, nan ne na ji marubutan sun matsa da yawa. Fuskar Cooper a gaban allo ta riga ta faɗi wannan, kuma ta fi iya faɗa.

An tsinci Cooper yana shawagi kusa da Zuhalu, shekarunsa 124 a lissafin duniya, jikinsa na mutumin da ya tafi. Murph ta warware lissafin, mutane sun tashi a manyan tashoshi masu siffar ganga, ta tsufa tukuf tana kwance 'ya'ya da jikoki sun kewaye ta. Suka gana na 'yan mintoci, ta sallame shi ya je ya nemi Amelia, wadda ke zaune ita kaɗai a duniyar Edmunds bayan ta binne shi.

Abin da ya tsaya mini a rai a wannan ganawa shi ne wanda ba a ambata ba. Tom ne ya riƙe gonar, shi ya binne kakansa da ɗansa, shi ya yi ta aika saƙo shekara da shekaru ba amsa lokacin da Murph ta yi fushi ta yi shiru. Fim ɗin ya mayar da shi mai taurin kai da ya ƙi barin gida, sannan ya manta da shi, har Cooper ya farfaɗo ya zagaya gidan da aka mayar gidan tarihi ba mu ji ya tambayi ɗansa ba. A gidanmu Bappana ne Tom. Yana da shekara goma sha huɗu kakana ya tafi, shi ya noma gero ya ciyar da ƙannensa damina goma sha ɗaya, shi ya aurar da babbar yayarsu. Labarin hajjin kaka kowa a dangi ya haddace shi, garin da ya kwana da kogin da ya ƙetare. Na Bappa kuwa sai da na girma na zauna da shi a zaure na tambaya kafin na ji.